Gugar da Na Yi wa Allon Yaron Nan

Tun da na dawo daga Turkiyya ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shagona na ɗinki a Fagge, awo ya zo ko karɓar kaya, sai ya sami gefen benci ya ce, "To Malam Hamidu, ba mu labari." Alhaji Bukar mai maɓalli, maƙwabcina, har cewa yake wai sanyin can ne ya daskarar min da harshe. Na ba su labarin jirgi, na ba su na abinci, na nuna hotuna, amma akwai wurin da kullum nake tsallakewa. Yau zan rubuta shi duka. Wanda zai yi dariya ya je gidansu ya yi, ba a gabana ba.

Wanda na je wurinsa ɗana ne na fari. Mu asalinmu Fulanin Gombe ne, kakana ne ya shigo Kano, kuma duk abin da muka yar na can, kunyar ɗan fari ba mu yar da ita ba. Ana yaye shi mahaifiyata, Inna, ta ɗauke shi zuwa Rijiyar Lemo, a hannunta ya girma. Ban taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" nake cewa, ko "na wajen Inna". Ni da na ɗinka wa rabin Fagge kayan sallah, nasa yaran shago nake miƙa wa. In ina da magana da shi, autarmu Safiya nake faɗa wa ta kai masa, ta dawo min da amsa. Ba ƙi ba ne, Allah shi ne shaida. Haka na taso na ga ana yi, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Ya tafi karatun injiniya a wani gari mai suna Erzurum, ya gama, ya sami aiki a can. Wata rana Safiya ta same ni ina cin tuwo ta ce, "Baba, Yaya ya ce ka je masa, amma wai da sanyi, ba da zafi ba. Akwai abin da ya iya da yake so ka gani da idonka."

Na ce mene ne. Ta nuna min a waya: mutane sun ɗaure ƙafafunsu biyu a kan wani allo, suna sulalowa daga kan dutse a cikin dusar ƙanƙara. Na ce yanzu duk karatun nan abin da za a kira ni in gani ke nan? Amma a zuciyata na ji daɗi, don bai taɓa roƙona komai ba.

Shiri ya fara daga kasuwar Sabon Gari, layin 'yan gwanjo, wurin wani Oga Emeka da muka daɗe da sani. Ya zaro wata ƙatuwar rigar sanyi ruwan makuba mai gashi a wuya ya ce, "Alhaji, wannan ko cikin firiza ka kwana ba ka jin komai. Turawa da kansu suka sa shi." Na gwada, na ji ta ɗan kama ni a ƙugu, ya ce haka yayi yake. Na naɗe na tafi gida ina murna.

Daga Kano mota na bi zuwa Abuja, kusa da wani ɗan kasuwar Kwari da ya yi ta ba ni shawara har muka isa: kada in ci kifinsu, kada in yarda da mai tasi, kada in yi murmushi a gaban jami'in shige da fice. A jirgi ban runtsa ba. Da muka sauka Istanbul na ɗaure fuska kamar yadda aka ce, jami'in ya dube ni ya dubi fasfo ya buga hatimi, ya miƙo min. Wurin kaya ne aka tsayar da ni. Matata Hajiya ta cusa min kilishi da yaji da kuka da daddawa, duk ba ta ce na wane ne ba, ita tata kunyar ma ta fi tawa. Wani matashin jami'i ya buɗe kilishin ya girgiza kai, ya ajiye gefe. Ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya har ya taka abokinsa. Da sauri ya ɗaure ya mayar min, ya nuna min ƙofa. Kilishin dai can na baro shi.

Wani jirgin ya kai ni Erzurum. A wurin tarba iyaye da 'ya'ya sai rungumar juna suke, ana sumbatar kumatu, gemu na gogar gemu. Shi kuma yaron nan, yana hango ni ya zo ya tsuguna har ƙasa a kan tayil, mutane suna ta kallo. Ni kuma na dubi wani allon talla da ke bayansa na ce, "Ka zo lafiya?" Ni da na zo. Ya ce, "Lafiya lau, Baba." Ya dubi rigata sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya ɗauki jaka.

Sai da ya tura hotona gida Safiya ta kira tana dariya har da tari. "Baba, rigar nan ta mata ce!" Na duba, maɓallan kuwa a gefen mata suke. Tela guda, shekara da shekaru yana huda gidan maɓalli. Washegari na tarar da wata baƙar riga a rataye a kan kujerar ɗakina. Na san yaron nan ne ya ajiye, na ɗauka na sa.

A saman benen wani dattijo yake haya, sunansa Usman, tsohon direban babbar mota, mai farin gashin baki da murya kamar ana tuƙa tirela. Muna shiga ya tsiyaya min wani ruwa mai ƙamshin lemon tsami a tafin hannu, na tsaya riƙe da shi ban san ko sha ake yi ba, sai da na ga yaron nan ya shafa nasa. Sai shayi. A 'yan ƙananan kofunan gilashi suke sha, babu madara, kuma mutanen garin ba sa zuba sukari a ciki. Wani dunƙule mai tauri ake sawa a kunci, a riƙa kurɓa ta kansa. Ni na tauna nawa ƙarau, matar gidan ta kau da kai tana murmushi. Ina shanyewa a cika, ina shanyewa a cika. A wurinmu baƙo ba ya mayar da abin da aka miƙo masa, su kuma a wurinsu mai gida ba ya barin kofi ya zauna wayam. Cikina ya zama tulu. Ashe cokali ake ɗorawa a bakin kofin, shi ne alamar an ƙoshi. Yaron nan ya sani sarai, amma ina zai iya koya wa ubansa shan shayi a gaban mutane? Sai dai na ga ya ɗora nasa cokalin a hankali, ya ɗaga, ya sake ɗorawa, har na gane.

Abincinsu ba laifi. Da safe burodi da cuku da zaitun mai gishiri, abin da mu ba za mu kira karin kumallo ba. Akwai wani naman rago da suke gasawa a kwance yana juyawa, ya kusa kamo balangu, sai dai ba yaji. Ni da ƙullin yajina a aljihu nake yawo. Dattijo Usman ya ɗanɗana sau ɗaya, ya yi hawaye, ya sake miƙo hannu. Masallaci kuwa kamar gida, har da abin ɗumi a ƙarƙashin kafet. Ruwan alwala ne kawai ya sa na tuna zunubaina.

Yanzu na zo wurin da nake tsallakewa.

Duk shekarun da yaron nan ya yi yana wasan ƙanƙarar nan, allon haya yake hawa. Sai da aka tabbatar zan zo ya sayi nasa, sabo fil, shuɗi da fari, tsawonsa ya kai haɓata. Ya ƙi hawa, ya ajiye shi sai ranar da zan gani. Ana gobe za mu hau dutse, bayan la'asar, ya ce da bango, don ba da ni yake magana kai tsaye ba, za a gyara allon a ɗakin ƙasa in akwai mai son kallo. Na bi shi.

Ya kwantar da allon a kan teburin Dattijo Usman, cikinsa a sama. Ya sassauta kusoshin da ke riƙe maɗaurin ƙafa. Ya goge cikin da tsumma. Gefunan allon ƙarfe ne mai kaifi, shi ke kama ƙanƙara, ya bi su da ɗan magagari a hankali, ya dakusar da na goshi da na wutsiya don kada su sarƙe. Yana yi yana bayani da Turkanci ga dattijon, sannan ya maimaita da Hausa ga teburin. Wai sabon allo kakin da ke jikinsa na kamfani ne, bai taka kara ya karya ba, sai an shayar da shi wani kafin a hau. Za a narkar da kakin, a shimfiɗa, a bari ya huce, a kankare da faifan roba, a bi da buroshi daga goshi zuwa wutsiya. Duk na ji, ina gyaɗa kai kamar na gane.

Sai ya buɗe kwali ya fito da dutsen guga.

Jama'a, ku da kuka san ni, kun san ni da dutsen guga. Da na gawayi na fara tun ina yaron shago. Har yau in an kawo babbar rigar ango ba na bari kowa ya goge wuyanta sai ni. Kaki ma ba baƙona ba ne, da kyandir muke goge gindin dutse in ya yi datti. Duk kwanakin nan ina yawo kamar ƙaramin yaro, ban san shan shayi ba, ban san riga ba, sai ga abu ɗaya a ƙasar nan da na sani. Na ga ya kanga dunƙulen kakin a jikin dutsen yana ɗiga a kan allon, sannan ya fara shafawa sama-sama. Dattijo Usman ya haura sama kawo shayi. Na taɓa gindin dutsen da yatsa mai yawu, ko cas bai yi ba.

Na ce, "Kawo nan."

Ya miƙo da hannu biyu. Na murɗa wutar har ƙarshe, don a wurinmu dutse mai sanyi wasan yara ne. Na fara bi, kakin ya narke ya kwanta, allon ya ɗauki sheƙi kamar shadda ta sha bugu. Wallahi na ji daɗi. Wani siririn hayaƙi ya fara tashi, na ce a raina alamar aiki ke nan. Kusa da wutsiya akwai inda kakin ya taru ya ƙi bajewa. Na yi masa abin da nake yi wa wuyan riga mai taurin kai: na ɗora dutsen, na danna da nauyina, na tsaya.

Ya ce, "Baba..."

Na ce, "Bari." Ban ko dube shi ba.

Ya bari.

Wari ne ya fara gaya min, warin roba mai ƙuna. Na ɗaga dutsen. Cikin allon ya kumbura ya yi bororo, faɗin tafin hannu, ya yi duhu, gefensa ya ɗago. Ashe cikin roba ne, ba a son zafi ya wuce na narkar da kaki, kuma ba a tsayar da dutse ko na ƙiftawar ido. Dattijo Usman ya shigo da tire, ya ga hayaƙi, ya yi wata ƙara da Turkanci, ya fizge wayar daga bango.

Na taɓa ƙona rigar mutane, na biya, na ba da haƙuri, aka wuce wurin. Wannan daban ne. Na tsaya riƙe da dutsen, gumi na keto min a garin da ruwa ke daskarewa. Yaron nan ya shafa wurin da yatsa ya ce, "Ba komai, Baba. Ana gyarawa." Muryarsa ce ta fi ƙona ni, don babu fushi a ciki ko kaɗan. Kalma uku ce ta rage min in faɗa, ka yi haƙuri. Na buɗe baki, na ji kamar an ɗinke min shi. Na ajiye dutsen na ce lokacin magariba ya kusa, na haura sama.

Ya ɗauki allon ya kai wani shago da ke gyara irinsu, ya dawo ba shi. Da muka zauna cin abinci a wurin Dattijo Usman, sai juya cokali nake a kwano. Dattijon ya daɗe yana dubana, sannan ya yi tambaya. Tafinta kuwa ba wani ba ne sai yaron nan.

"Wai yana tambaya, tunda ka zo bai ji ka kira sunana ba."

Na ce a gaya masa al'adarmu ce, ɗan fari ba a kiran sunansa.

Dattijon ya ajiye cokali ya yi magana mai tsawo. Ya nuna hoton wani saurayi a bango, ya dafa ƙirjinsa, matarsa ta sunkuyar da kai. Da ya gama yaron nan ya ce, "Wai su ma a ƙauyensu da haka ake yi. Uba ba ya ɗaukar ɗansa a gaban manya."

Na ce, "Sai me?"

"Shi ke nan abin da ya ce."

Ba na jin Turkanci, amma na san tsawon magana. An yanke min fiye da rabi, kuma na san dalili.

Bayan isha'i na shiga ɗaki na yi abin da na saba. Na kira Safiya a Fagge, na rage murya na ce, "Ki gaya wa yaron nan, abin da ya faru ɗazu, ban yi da gangan ba. Ya yi haƙuri."

Sai ta ce, "Baba, yanzu Yaya yana ina?"

Na ce yana ɗakin da ke kusa da nawa. Ina ma jin tarinsa ta bango.

"To saƙon sai ya zo Kano sannan ya koma? Ka yi haƙuri Baba, wannan kam ba zan kai ba." Ba ta taɓa ƙin aikena ba. Kafin in yi faɗa ta ƙara da cewa, "Mun yi magana ɗazu. Na ce masa don me bai ƙwace dutsen ba. Ya ce tun farkon hayaƙin ya san zai ƙone. Amma wai bai taɓa ganin ka yi masa wani abu da hannunka ba, shi ya sa bai so ka daina."

Na kashe wayar. Na tashi har bakin ƙofarsa, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na dawo. Kunya iri biyu ce ta haɗu min, wadda na gada da wadda na jawo wa kaina, kuma ta gadon ce ta yi nasara.

Da hantsi muka karɓo allon. Sun yanke wurin sun yi masa faci baƙi, sun sake shayar da shi kaki sun kankare. Mai shagon ya ce a bar shi ya kwana biyu, ya ba da na haya. Yaron nan ya ce a'a, wannan zai hau.

Dutsen a bayan gari yake. Shi ya hau wata kujera mai rataye a waya ta tafi da shi sama, ni da Dattijo Usman muka tsaya a ƙasa inda ake sayar da shayi, cikin taron mutane. Fari ko'ina har ido na ciwo. Can dattijon ya dafa ni ya nuna. Na gane yaron nan da jar hularsa. Yana saukowa yana karkata dama da hagu, ƙanƙara na tashi a bayansa kamar gari, jikinsa a sake, ba irin yadda yake takurewa a gabana ba. Ban taɓa ganin ɗana haka ba. Ashe haka yake in ba na kusa.

Ya kusa isowa, ya karkata zai tsaya a gabanmu, sai allon ya sarƙe. Ko facin ne ko ba shi ba, har yau ban sani ba. Ya tashi sama ya faɗo da baya, kansa ya bugi ƙasa, ya gangara ya tsaya. Bai motsa ba.

"Sa'adu!"

Ban san lokacin da ya fito ba. Duk wurin aka waiwayo. Na yar da kofin shayi na ruga, na zame na faɗi, na tashi, na sake faɗuwa, na ƙarasa da rarrafe, hulata can, takalmi ɗaya can. Na kama fuskarsa da hannu biyu. Ya buɗe ido ya ce, "Lafiyata ƙalau, Baba." Ya miƙe ya kakkaɓe jikinsa, ya ɗauko min hula da takalmi. Muka koma gida a motar dattijon, shi yana ta waƙa yana dukan sitiyari.

Sauran kwanakin muka koma yadda muke. Na ga kasuwarsu, na sayo wa Hajiya mayafi, na bar wa Dattijo Usman sauran yajin. Rigar makuba na bar wa matarsa, ta kuwa yi mata daidai. Haƙurin nan dai ban ba yaron nan ba, kada in yi muku ƙarya.

Ranar dawowa ya raka ni filin jirgi. An fara kiran fasinjoji, ya tsuguna kamar ranar da na zo. Na dubi allon tallan nan na ce a riƙa kula da kai, faɗuwa irin waccan ba wasa ba ce, mutum ya kwanta kamar ba rai.

Kansa na ƙasa ya ce, "Ban ji ciwo ba ranar, Baba. Ina faɗuwa zan tashi, sai na ji ka kira. Shi ne na ɗan ƙara kwanciya, ko za ka sake."

Aka sake kiran fasinjoji. Na ɗauki jakata na shiga layi, ban iya waiwayowa ba.

To Alhaji Bukar, ka ji abin da ya nauyaya min baki. Farar shaddar nan kuma da ka ga na hana yara taɓawa, kana ta tambaya ta wane ango ce, ta Sa'adu ce. Ban yanka ba tukuna, don ban san awonsa ba. Safiya ta ce ba za ta tambayo min ba.